Lu'ulu'u Daga Hanjin Fensir

Duk unguwar babu wanda ke kiran bakaniken nan da wani suna sai Ɗaure-Tam, kuma shi ya jawo wa kansa. A wurinsa kowace matsala ta duniya daga sako-sako take farawa. Mota na ƙara, a ƙara ɗaurewa. Famfo na ɗiga, a ƙara ɗaurewa. Idan ya ɗaure maka taya, ka yi ta addu'a kada ka yi faci a hanya, don sai ka tara ƙarti uku sun hau kan sifana kafin noti ɗaya ya motsa. A gida ma haka yake. In ya rufe kwalbar sukari da safe, sai dai a sha shayi haka nan har ya dawo daga gareji.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a gidan, makullin ƙofar shiga. Shekara tara ke nan yana cijewa. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk asibitinsu ita kaɗai ke yawo da filaya a jakar hannu. In ta dawo daga aiki sai ta ajiye kayanta a ƙasa, ta tokare ƙofar da gwiwa, ta kama ɗan makullin da filaya, ta murɗa da hannu biyu tana cije leɓe. Duk sanda ta yi ƙorafi, sai maigidan ya ɗauko butar baƙin mai ya tsiyaya wa makullin, ya ƙara ɗaure ƙusoshinsa huɗu, ya kaɗe hannu ya ce an gama. Kwana biyu man ya kwashi ƙura da yashi ya zama taɓo, ƙofar ta ƙara taurin kai. A haka aka yi shekara tara, kuma bai taɓa zargin butarsa ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma maganar zobe. Lokacin da suka yi aure, Ɗaure-Tam ba shi da komai sai akwatin sifanoni da zaƙin baki. Sai ya samo wani noti na tagulla, ya yi kwana uku yana gogarsa da magagari har kusurwoyinsa suka ɓace, ya zura mata a yatsa.

"Riƙe wannan tukuna," in ji shi a lokacin. "Kafin mu cika shekara ashirin da biyar zan sauya miki da na lu'ulu'u."

Mai shekara ashirin da 'yan kai gani yake shekara ashirin da biyar ba za ta taɓa zuwa ba. To, ta zo. Ranar wata Litinin da safe, yana tsakiyar shan shayi, Maman Auta ta rataya jakarta za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga masa yatsan nan mai noti.

"Mai lu'ulu'u, saura kwana biyar fa. Ranar Asabar muke cikawa."

Ta yi gaba abinta. Shayin ya sarƙe shi har sai da ya yi hawaye. Ɗaure-Tam yana da aibobinsa, amma bai taɓa ce wa mai mota ya zo ranar Laraba ya kuma ce masa ya dawo Alhamis ba. Alkawari kaya ne, kuma wannan ya fi kowanne daɗewa a kansa. Kafin ya buɗe gareji sai da ya biya shagon masu sayar da zinariya, ya nuna zobe mafi ƙanƙantar dutse, wanda sai ka runtse ido ɗaya kake ganinsa, ya tambayi farashi. Mai shagon ya faɗa. Ɗaure-Tam ya nemi kujera, aka kawo masa ruwa.

Da la'asar ya dawo gida ya zauna a teburin cin abinci, ya zabga tagumi. A ɗaya gefen teburin Auta ce, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare kuma take da jarrabawar kemistiri ranar Juma'a. Ita Auta ba ta iya karatu shiru ba. Sai ta samu wanda za ta koya wa abin yake zama a kanta, in babu kowa ta koya wa kujeru.

"Baba, tunda ka zauna, kai ne ɗalibina yau."

"Uhm."

"Komai da kake gani, ƙananan ƙwayoyi ne suka taru suka yi shi, ƙwayoyin zarra. Abin da ke sa wani abu ya yi tauri, wani ya yi laushi, wani ya narke, shi ne irin ɗaurin da ke tsakaninsu."

Jin an ambaci ɗauri, sai ya ɗago kai.

Auta ta zuba ɗan gishiri a kan tebur. "Ka ga wannan. Kowace ƙwaya tana da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke zagaye ta, ilektiron ake ce musu. A gishiri, wata ƙwayar ce ta ba da nata ɗaya, wata ta karɓa. Sai mai bayarwa da mai karɓa suka manne wa juna, suka jeru layi-layi. Ɗaurin da ƙarfi. Amma in ka buga, layin ya ɗan goce, mai bayarwa ya fuskanci mai bayarwa ɗan'uwansa, sai su ture juna." Ta danna ƙwayar gishiri da bayan cokali, ta ce ƙas ta zama gari.

"Cokalin fa?"

"Shi ƙarfe kowa zuba nasa ilektiron ya yi a tsakiya, suka zama na kowa da kowa, suna ta yawo. Shi ya sa in ka buga shi yake lanƙwasa bai fashe ba, kuma wutar lantarki take bi ta cikinsa."

"Wannan na sani tun ba a haife ki ba," in ji Ɗaure-Tam. "Dalilin ne dai ban taɓa tambaya ba."

"Na uku kuma, ƙwaya biyu su haɗa hannu su riƙe ilektiron tare, ba mai saki. Kamar kabon." Ta ɗaga fensirinta. "Baƙin abin da ke cikin nan kabon ne. Lu'ulu'u ma kabon ne. Abu ɗaya ne."

Ɗaure-Tam ya sauke hannunsa daga kunci a hankali.

"Maimaita."

"Abu ɗaya ne, jerin ne ya bambanta. A lu'ulu'u kowace ƙwaya ta riƙe huɗu, sama da ƙasa da gefe, kamar an bi ta da walda ta ko'ina. Shi ya sa babu abin da ya kai shi tauri. A fensir kuwa kowace ta riƙe uku ne kawai, a kwance, sai suka yi falle-falle kamar kwanon rufi da aka jibga. Kowane falle yana da ƙarfinsa, amma tsakaninsu babu wani riƙo na kirki, sai wannan ya zame a kan wancan. In kana rubutu, fallayen ne ke zamewa suna zama a takarda."

"Wato," in ji shi, yana auna maganar, "na fensir ba a ɗaure shi da kyau ba."

"A'a Baba, ba haka..."

"Me ke mayar da wannan ya zama wancan?"

"Matsi da zafi. A can ƙarƙashin ƙasa yake faruwa. Amma irin matsin da ake nufi..."

Kujerar da take yi wa bayani babu kowa a kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma Ɗaure-Tam ya riga ya rataya nasa ya fita da shi yana murna. Matsi dai sana'arsa ce. Zafi kuwa, yana da maƙwabci.

Maƙwabcin shi ne Mai Walda, wanda rumfarsa ke manne da garejin tun shekara ashirin. Mutum ne siriri mai baƙin tabarau a goshi, kuma a tsawon zamansu bai taɓa cewa a'a ga wani aiki da ya shafi ƙona abu ba. Ɗaure-Tam ya ja shi bayan wata mota ranar Talata ya yi masa bayani a raɗe.

"Ka tabbata, mutumina?" in ji Mai Walda.

"A littafin gwamnati yake. Auta ce ta karanta mini."

"To me ya sa masu fensir ba su yi arziki ba?"

"Ba su da injin matsa."

Mai Walda ya yi tunani, ya gyaɗa kai. Suka yi musabaha a kan ba za a gaya wa kowa ba, musamman mata.

A ranar Ɗaure-Tam ya kwashe duk fensiran da ke shagon kusurwa, guda sittin, har mai shagon ta tambaye shi ko makaranta ya buɗe. Ganin ba a san nawa za su bayar da dutse ɗaya ba, sai ya haɗa da guda ukun da ya tarar a jakar Auta, ciki har da wanda aka yi masa darasi da shi. Suka zauna a kan tsofaffin tayoyi suna tsaga fensir da wuƙa suna zare hanjinsa. Aiki ne mai cin rai. Rabi ya karye, rabi ya shige ƙarƙashin farce. Masu motoci suka yi ta zuwa suna samun manyan mutane biyu, masu furfura, a cikin tsibin ɓawon fensir, ana ce musu a dawo mako mai zuwa, akwai aikin gaggawa.

Ranar Laraba Mai Walda ya kawo shawarar a fara da dafawa, don a ganinsa komai sai ya yi laushi yake karɓar matsi. Suka ɗauko batirin mota, suka maƙala wa wani dogon hanjin fensir waya ta nan da ta can. Abin mamaki, sai ya yi ja, daga ja ya koma fari, yana haske kamar ƙwan lantarki.

"Ya fara," in ji Mai Walda, ya sauke tabaraunsa.

Ɗaure-Tam ba shi da tabarau, sai zumuɗi. Ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa don ya ga ko an fara ƙyalli. Hanjin ya ce ɗas ya rabe biyu, tartsatsi ya tashi, garejin ya cika da ƙaurin gashi. Da ya shafa leɓensa na sama, ɓangaren hagu sumul.

Da yamma Maman Auta ta ajiye masa abinci, ta tsaya tana kallonsa.

"Baban Auta, ina rabin gashin bakinka?"

"Yayi ne."

"Ɗaya rabin kuma sai yaushe?"

Ya jawo kwanon ya fara ci. Da ta juya za ta koma kicin ta ɗaga yatsu uku sama ba tare da ta waiwayo ba.

Ranar Alhamis suka daka sauran hanjin da guduma har ya zama gari mai laushi, baƙi, mai sheƙi. Mai Walda ya yanko guntun bututun ƙarfe mai kauri, ya toshe gindinsa da walda. Ɗaure-Tam ya zaɓo wata ƙatuwar ƙusa daga injin babbar mota, wadda ta shiga bakin bututun cif. Tsarin ba shi da wuya: a zuba gari, a ɗora ƙusar, a sa ƙarƙashin injin da ake matse boris na ƙafar mota da shi, ɗaya ya hura wuta, ɗaya ya matsa. Har sun yi gardama a kan girman dutsen da zai fito. Mai Walda ya ce in ya wuce ƙwan tantabara a raba biyu, shi ma yana da mata.

Ranar Juma'a da hantsi suka ja ƙofar gareji. Mai Walda ya kunna wutarsa ya saita ta a gindin bututun har ya yi jawur. Ɗaure-Tam ya tofa yawu a tafi, ya kama hannun injin ya fara bugawa. Allurar agogon injin ta fara hawa.

"Ƙara," in ji Mai Walda.

Ya ƙara. Allurar ta wuce inda ake tsayawa in ana matse boris, ta shiga inda aka shafa wa jan fenti. Injin ya fara wani irin nishi da bai taɓa yi ba.

"Mai haƙuri yakan dafa dutse," in ji Mai Walda daga bayan tabarau.

"Mu ai dutsen muke nema, ba romon ba."

Da hannu ya gaza, sai Ɗaure-Tam ya zura dogon bututu a hannun injin, ya rataya a jikinsa gaba ɗaya, ƙafafunsa suna lilo. A ransa yana ganin fuskar Maman Auta gobe, yana ganin yadda zai miƙa mata abin a hankali kamar ba komai ba, ya ce ga saƙonki. Daɗin wannan tunani ne ya sa ya yi tsalle ya sake faɗowa da dukkan nauyinsa.

Garin nan ya riga ya bi gefen ƙusar ya shafe ta tas. Sai ta karkace, ta zame daga ƙarƙashin injin, ta yi sama da wata ƙara kamar an harba bindiga, ta huda kwanon rufi ta fice. Baƙin gari ya biyo bayanta ya turnuƙe garejin. Ɗaure-Tam ya faɗo zaune. Ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta zame, ya koma. Mai Walda ya kashe wuta ya zo ɗaga shi, shi ma ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi. Suka yi ta kama juna suna zubewa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa ya tsaya wuri ɗaya. Suna cikin haka ƙusar ta gama yawonta ta dawo, ta sake huda rufin ta wani wurin, ta faɗa cikin butar shayin Mai Walda.

Da rarrafe Ɗaure-Tam ya kai ga bututun. Ya zuba masa ruwa ya huce, ya ƙwanƙwasa shi a ƙasa, wani baƙin dunƙule kamar maɓallin riga ya faɗo. Ya ɗaga shi saitin hasken da ke shigowa ta sabuwar hudar rufi. Ya goge shi da riga. Sannan ya goga shi a bango, ya ja dogon layi baƙi.

"Har yanzu fensir ne," in ji shi.

A daidai nan aka turo ƙofa. Auta ce da kayan makaranta, ta fito daga jarrabawa, ranta a ɓace.

"Baba, wa ya ɗauke mini fensira? Sai da na yi aro a gaban..."

Ta tsaya. Ta dubi mutum biyu zaune a ƙasa, fuskokinsu suna sheƙi kamar gindin tukunya, babu abin da ke fari sai idanu. Ta dubi tsibin ɓawon fensir, ta dubi injin, ta dubi hudoji biyu a rufi. Yarinya ce mai kaifin kai, ba ta buƙaci bayani ba. Ta so ta daure, amma dariya ta ci ƙarfinta, har sai da ta dafa bango, hannunta ya zame, ta kusa zama ta ukunsu.

"Ai ban gama maganar ba ka tashi," in ji ta da ta samu numfashi. "Matsin da ake nufi, kamar a ɗora mota hamsin ne a kan farcen babban yatsanka. Ga zafin da zai narka ƙarfe. Kuma duka a lokaci ɗaya. Bututun nan naka shi zai fara sallamawa."

"Da mun samu bututu mai kauri fa?" in ji Mai Walda.

"Kawu, hanjin fensir ba kabon ne zalla ba, da yumɓu ake kwaɓa shi. Ko da kun yi nasara, bulo za ku kai wa Mama."

Mai Walda ya ɗaga tabaraunsa, ya bar zagaye biyu masu haske a fuskarsa. "To me ya sa ya kama wuta da batir? Mun ga haske da idonmu."

"Kowace ƙwaya uku ta riƙe, ilektiron ɗinta na huɗu yawo yake yi, shi ke ɗaukar wutar. Lu'ulu'u ba ya ɗaukar wuta ma, duka huɗun suna riƙe. Hasken da kuka gani shaida ce cewa fensir ne." Ta juya ga mahaifinta, ta sassauta murya. "Baba, shi abin nan ka danna shi ta sama, sai ya zame ta gefe. Halinsa ke nan."

Ɗaure-Tam bai yi dariya ba. Kunya ce ta kama shi, da baƙin ciki na gaske, irin wanda bai ji ba tun rasuwar mahaifinsa. Matar nan ta bi shi ɗakin haya mai yoyo, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, ta yi shekara ashirin da biyar tana nuna wa ƙawayenta noti a matsayin zobe, kuma gobe zai tsaya a gabanta hannu wofi da rabin gashin baki. Ya roƙi Auta kada ta faɗa a gida, shi zai faɗa da bakinsa. Ya share ragowar garin ya zuba a wani ɗan gwangwani, don ko ba komai ta ga ba zama ya yi ba.

Ranar Asabar ya fice da sassafe kafin kowa ya tashi. Ya yi facin rufi, ya wanke injin, ya share gareji sau biyu, ya saya wa Mai Walda sabuwar buta. Da aikin ɓoyewa ya ƙare masa, rana ta take, sai ya sa gwangwanin a aljihu ya hau babur ɗinsa ya nufi gida a hankali, har masu keke suna wuce shi.

A bakin ƙofa ya tarar da su zaune a kan dakali, Maman Auta da farin kayan aikinta ta dawo daga aikin safe, Auta riƙe da ledar cefane. Ɗan makullin yana cikin ƙofa, filaya tana ƙasa. Maman Auta tana murza wuyan hannunta.

"Yau ko da filayar ya ƙi," in ji ta. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai.

Hannunsa ya tafi da kansa zuwa butar baƙin mai da ke rataye a babur.

"Baban Auta, in ka ƙara ɗiga man nan a ƙofar nan, ta taga zan riƙa shiga gidan nan har in mutu."

Ya mayar da butar. Ya durƙusa a gaban makullin, ya zare ɗan makullin da ƙyar, ya dube shi. Baƙin taɓo ne a jikinsa, mai yashi, mai danƙo. Shekara tara yana kallon wannan taɓon bai taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba. Da ya durƙusa kuwa gwangwanin ya tokare shi a cinya, sai ya tuna da ƙusar jiya. Ƙusa ce da injin matse boris ya danne da dukkan ƙarfinsa, shi kuma yana rataye a kai, amma garin nan ya zare ta kamar ba a riƙe ba. Kuma gari ne busasshe, babu abin da ƙura za ta manne wa.

Ya tsiyayo ɗan fetur daga babur ya wanke cikin makullin har abin da ke fitowa ya daina baƙi. Ya jira ya bushe. Sannan ya yi abin da Auta ta rantse ba ta taɓa gani ba tunda aka haife ta: ya ɗauki sukundireba ya sassauta ƙusoshin nan huɗu, kowace rabin juyi, fuskarsa a yamutse kamar ana cire masa haƙori. Ya naɗe takarda, ya ɗebi garin ya hura a ramin makullin, ya shafa wa ɗan makullin, ya zura ya zare sau uku. Ya matsa gefe.

"Gwada."

Maman Auta ta sunkuya za ta ɗauki filaya.

"Bar ta. Da hannu."

Ta kama da yatsu biyu, ta tokare ƙofar da gwiwa saboda sabo, ta murɗa. Makullin ya ce ƙyas, ƙofar ta buɗe, har ta kusa faɗawa ciki. Ta tsaya. Ta jawo ƙofar ta kulle, ta sake buɗewa. Ta sake kullewa. Sau shida ta yi haka, Auta tana tsaye da cefane tana jiran a bar ta ta shiga. A na bakwai Maman Auta ta share ido da gefen mayafinta.

"Mene ne wannan ka zuba?"

Ya miƙa mata gwangwanin. "Lu'ulu'unki ne," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Bai nuna ba."

Ya ba ta labarin duka, tun daga shagon zinariya har zuwa butar Mai Walda, bai rage ko gashin baki ba. Ta saurara tana danne dariya, da ya kai wurin bulo ta kasa, ta zauna a kan dakali tana riƙe ciki. Shi dai yana tsaye. Da ta lafa, ya ce, "Na yi miki alkawari ban cika ba. Ki yafe mini."

"Kai yanzu tsokanar da nake yi maka ce ka ɗauka da zafi haka?" Ta miƙo masa hannunta. "To da ka kawo shi, a ina zan sa? Cire wannan in gani."

Ya kama notin ya ja. Bai motsa ba. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, tagullar tana juyawa a wurinta amma ba ta wuce gaɓar yatsan ba.

"Tun ranar da ka zura shi bai taɓa fita ba," in ji ta. "Na gwada sabulu, na gwada man shafawa, a asibiti ma likita ya gwada da zare ya haƙura. Wa ya ce maka ana kwance abin da ka ɗaure?"

Ɗaure-Tam ya dubi zoben, ya dubi gwangwanin da ke ɗaya hannunta, idonsa ya yi haske irin na ranar Litinin.

"Ai yanzu akwai magani. Kawo in shafa masa ɗan garin nan, yanzu zai zame."

Ta janye hannunta da sauri ta ɓoye shi a cikin mayafi.

"Ƙofa na ce ka gyara," in ji ta. "Wannan ka bar shi yadda ka ɗaure shi."

Ta ɗauki filayar daga ƙasa ta danƙa masa, ta ce ya mayar gareji, ta sa gwangwanin a jakarta a wurin da filayar take zama, ta shige gida.